Ƙwallon Guragu da Haƙƙin Matasan Wudil

Ƙwallon guragu, wato wasan da ɗan wasa ke zama bisa katako mai ƙananan tayoyi yana tura kansa yana buga ƙwallo da hannu, Misbahu Lawan Didi ne ya ƙirƙiro shi a 1988, kuma akasarin masu buga shi waɗanda shan inna ta naƙasa ne. Ko da yake Nijeriya ta rabu da asalin ƙwayar cutar a 2020, waɗanda ta shafa suna nan a garuruwa da unguwanni irin su Sabon Garin Wudil, kuma wata doka da aka sanya wa hannu a 2019 ta haramta nuna musu wariya. Babban abin da wasan ke buƙata shi ne shimfiɗaɗɗen filin siminti, saboda haka ya kamata ƙaramar hukuma ta samar da shi, ta kuma ware wa 'yan mata lokacin atisaye.