Rediyon Mota a Matsayin Tashar Miƙa Magana Tsakanin Zango Biyu: Matsalar Wutar Lantarki

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne bayyana yadda masu sha'awar rediyo, watau mutanen da hukuma ta ba lasisin yin magana da juna ta iska ba don ciniki ba, suke mayar da rediyon mota tashar miƙa magana. Za a nuna cewa nasarar wannan aiki ta fi dogara ga yadda aka tanadi wuta fiye da ƙarfin rediyon kansa.

2.0 Yadda Tsarin Yake Aiki

Oba-oba ta hannu ba ta cika wuce wat 5 ba, kuma eriyarta gajera ce, saboda haka muryarta ba ta nisa daga cikin gini ko kwari. Idan aka ajiye mota a kan tudu, rediyonta zai karɓi maganar oba-oba a zangon santimita 70, nan take ya sake watsa ta a zangon mita 2, amsa kuma ta biyo hanyar ta dawo. A shiyya ta ɗaya ta Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, wadda ta haɗa Afirka da Turai, zangon mita 2 ya kama daga megahaz 144 zuwa 146, na santimita 70 kuwa daga 430 zuwa 440. Tazarar da ke tsakaninsu ita ke ba rediyo damar saurare da watsawa a lokaci guda da eriya ɗaya. Rediyo irin su Kenwood TM-V71A da Yaesu FT-8900R an ƙera su da wannan dabara.

Sai dai a lura, 145 sau uku 435 ke nan. Duk na'urar watsawa takan fitar da ɗan burbushin sigina a ninki uku na mitarta, don haka kada a zaɓi mitoci biyu da ɗaya ta zama ninki ukun ɗaya, in ba haka ba rediyon zai kurmantar da kansa.

3.0 Yawan Wutar da Ake Bukata

A hira ta yau da kullum mutum yakan yi magana kaɗan, ya saurara da yawa. A wannan tsari kuwa, ko wane ɓangare ne ya yi magana, rediyon mota watsawa yake yi, ba ya hutawa sai hira ta yanke. Rediyo mai wat 50 yana jan amfiya 11 zuwa 13 a kan bolt 13.8. Alal misali, in batirin mota na amfiya-awa 60 ne, amfiya 12 za ta cinye rabinsa cikin awa biyu da rabi in inji a kashe yake. Batirin tayar da mota kuwa ba a yi shi don a zuƙe shi haka ba. Yin hakan sau da yawa yana rage masa kwana, kuma mai mota yana iya komowa ya tarar ta ƙi tashi a inda babu mai tura masa. Bugu da ƙari, zafin da ke taruwa cikin rediyo a mota rufaffiya yana iya ƙona shi. Maganin farko shi ne a rage ƙarfi zuwa wat 5 ko 10, tun da tsayin wuri da eriya mai kyau su ne ke kai magana nesa.

4.0 Haɗa Waya

Ramin kunna sigari bai dace da wannan aiki ba, domin wayarsa siririya ce. A jawo waya kai tsaye daga batir, a sa fis dab da kan batir mai alamar tarawa, yadda in waya ta goge ta taɓa bodi, fis ne zai ƙone, ba mota ba. A motocin da ke da na'urar auna caji a kan batir mai alamar ɗebewa, a ɗaure ɗaya wayar a jikin bodi kusa da batir, don kada a tsallake na'urar.

Kaurin waya ma abin lura ne. Wayar jan ƙarfe mai murabba'in milimita 2.5, in tsawonta zuwa da komowa mita 8 ne, tana zubar da wajen bolt 0.67 a amfiya 12. Mai murabba'in milimita 6 kuwa bolt 0.28 kawai take zubarwa. Wanda zai daɗe yana aiki, gara ya tanadi batir na biyu irin mai jure zuƙewa, ko ya sa na'urar da ke yanke wuta in bolt ya sauka zuwa wajen 12.2, watau kusan rabin caji.

5.0 Kariya da Doka

Ya kamata a kulle ɓangarorin biyu da sautin sirri na CTCSS, domin kada hayaniyar iska ta buɗe rediyon ya yi ta watsa ƙara babu mai sani. A kuma saita agogon da ke katse watsawa bayan 'yan mintoci. Ta fuskar doka, kowace ƙasa da ƙa'idarta. A Amurka, misali, wajibi ne tasha ta faɗi lambar kiranta kowane minti 10 yayin hira da kuma ƙarshenta, kuma alhakin abin da motar ta watsa yana wuyan mai lasisi ko da ba ya cikinta.

6.0 Kammalawa

Daga bayanin da ya gabata za a ga cewa abubuwa huɗu ne ginshiƙin wannan aiki: ƙaramin ƙarfin watsawa, waya mai kauri daga batir, fis a mazauninsa, da hanyar hana batir ƙarewa. Wanda ya kiyaye su zai sami tashar da za ta yi masa aiki wuni guda, ya kuma tayar da motarsa ya koma gida.