Katangar Da Ba A Tafiya Da Ita: Rabon Ɗakuna Idan Iyali Sun Sauka A Otal

Da zarar an ba da hutun makaranta, ko aka sauko daga Idi, sai motocin iyali su kama hanya. Daga Bugaje da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Jibiya, wasu Katsina suke nufa kallon hawan Sallah, wasu su zarce Kano domin yara su ga namun daji a Gidan Zu na Audu Bako. Masu hali kan kai har Yankari a jihar Bauchi, ko wurin wasan yara na Magicland da ke Abuja. Wasu kuwa arewa suke yi, su tsallaka iyaka ta Magama, su bi ta Ɗan Isa zuwa Maraɗi gaida dangi. Da yake halin tsaro ya sa mai hankali ba ya barin dare ya riske shi a hanya, tafiyar da a da ake zuwa a dawo a yini guda, yanzu sau da yawa sai an kwana.

Mukan lissafa kuɗin mai, da na abinci, da na shiga wurin wasa, har da tsarabar da za a sayo. Abin da muke bari sai mun tsaya gaban mai karɓar baƙi a otal, da gajiya a jiki da yara suna kuka, shi ne tambayar wa zai kwana da wa. A nan ne akan yanke hukunci cikin minti biyu a kan al'amarin da shari'a ta yi wa dogon bayani.

Aikin da ginin gida yake yi mana

Ba mu cika jin nauyin wannan tambaya a gida ba, domin ginin gidan Bahaushe ya riga ya amsa ta. Baƙo namiji iyakarsa zaure. Samari suna da ɗakinsu a wajen ƙofar gida, maigida yana da turakarsa, kowace mace da ɗakinta, tsohuwa kuma tana nata sashen da jikoki kewaye da ita. Ko wanda bai taɓa buɗe littafin fiƙihu ba, katanga tana kiyaye masa hukunci ba tare da ya sani ba.

Haka ma saukar gidan dangi. Zumuncin ƙasar Katsina da Maraɗi ya girmi iyakar da ke tsakaninsu, tun da sarakunan Katsina na Haɓe ne suka kafa sarautar Maraɗi bayan jihadin ƙarni na 19. An rufe iyakar a watan Agustan 2019, aka buɗe ta Jibiya a Afrilun 2022, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, har Najeriya ta sanar da buɗewa a Maris na 2024, amma biki da suna da ta'aziyya ba su fasa haɗa mutane ba. Duk wanda ya sauka gidan ɗan'uwa a can ko a nan ya san tsarin: mata su shige ciki, maza a shimfiɗa musu a zaure. Ba a taron shawara a kai.

Otal ba shi da zaure. Ɗaki ne guda, da gado ɗaya ko biyu, da banɗakin da ƙofarsa ke kallon gadon. Katangar da ta saba yi mana aiki mun baro ta gida, sai abin da muka sani na addini da abin da muka tsara tun kafin tashi.

Abin da Suratun Nur ta shimfiɗa

Aya ta 27 a Suratun Nur ta hana shiga gidan wani sai da neman izini da sallama. Aya ta 29 ta sauƙaƙa shiga gidajen da ba mazaunin kowa ba ne idan mutum yana da wata buƙata a ciki, kuma da yawa daga malaman tafsiri na farko sun fassara su da masaukan matafiya da ke kan hanyoyi. Wannan sauƙi ya shafi harabar masauki da inda kowa ke zama. Ɗakin da aka ba mutum makullinsa kuwa ya zama mazauninsa, yana da alfarmar da ɗakinsa na gida yake da ita.

Aya ta 58 ta shigo cikin iyali. Ta umarci yaran da ba su balaga ba da masu hidima su nemi izini a lokuta uku: kafin sallar asuba, da tsakar rana lokacin da ake tuɓe tufafi don hutawa, da bayan sallar isha'i. Aya ta 59 ta ce idan sun balaga, neman izininsu ya zama irin na manya. Abu Dawuda ya kawo bayanin Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da su, cewa a lokacin saukar ayar gidajen mutane ba su da labule, har yaro ko mai hidima yakan faɗo wa mutum yana tare da iyalinsa. Daga baya Allah Ya kawo wadata da labule, sai mutane suka rage aiki da ita. Iyalin da suka cunkushe a ɗakin otal sun koma halin rashin labule, don haka buƙatarsu ga ayar ta dawo sabuwa.

Neman izini bai tsaya kan ma'aurata ba. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa wani mutum ya tambayi Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallam, ko zai nemi izini kafin ya shiga wurin mahaifiyarsa, alhali gida ɗaya suke kuma shi ke yi mata hidima. Aka umarce shi da ya nema, aka tuna masa cewa ba zai so ya gan ta babu sutura ba. Saboda haka ko da makullin ɗakin Hajiya yana aljihun ɗanta, sai ya ƙwanƙwasa ya jira amsa.

Shimfiɗar yara

Hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito ta hanyar Amru ɗan Shu'aibu ya haɗa abu biyu: horon yara da sallah tun suna shekara 7, da raba musu wurin kwana idan sun kai 10. Ɗalibanmu sun san shi tun daga gabatarwar Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira. Malaman Malikiyya sun yi saɓani kan lokacin rabawar, wasu suka ce daga shekara 7, wasu suka ce 10. Sun kuma yi saɓani kan yadda za a raba: wasu sun ce kowane yaro da shimfiɗarsa, wasu suka ce ya wadatar a sami tufa da ke tsakanin jiki da jiki. Hukuncin ya shafi maza da mata, ya kuma shafi maza a junansu da mata a junansu, domin Muslim ya ruwaito daga Abu Sa'idil Khudri hanin namiji ya haɗa jiki da namiji a mayafi ɗaya, haka mace da mace.

A cikin wannan saɓani akwai rahama ga matafiyi. Abin da aka nema a raba shi ne shimfiɗa, ba a ɗora wa uba kama wa kowane yaro ɗaki ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Ibnu Abbas yana yaro ya kwana ɗakin Nana Maimunatu, 'yar'uwar mahaifiyarsa, a daren da Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallam, yake wurinta. Tabarma biyu da zannuwan rufa da aka naɗo daga gida, ko ƙarin katifa da aka roƙa a otal, sun isa su warware rabin matsalar.

Inda kunya da shari'a suka saɓa hanya

A nan ne ya kamata mu tsaya mu duba al'adarmu da idon basira. Matar Bahaushe tana jin nauyin surukinta, ba ta faɗin sunansa, ba ta cin abinci a gabansa. Amma ƙanin mijinta abokin wasanta ne, yana shiga ɗakinta yana tsokana. 'Ya'yan wa da ƙanwa, wato taubasai, su ma wasa ne tsakaninsu.

Shari'a ta jera su daban. Aya ta 23 a Suratun Nisa'i ta haramta wa mutum matar ɗansa da uwar matarsa har abada, saboda haka suruki muharramin matar ɗansa ne. Ƙanin miji kuwa ba muharrami ba ne. A hadisin Uƙubatu ɗan Amir da ke Bukhari da Muslim, da aka tambayi Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallam, game da shigar ɗan'uwan miji wurin mace, sai ya kamanta shi da mutuwa. Ƙanwar mata ma haramcin aurenta na ɗan lokaci ne, ba ta zama muharramar mijin yayarta ba. Taubasai suna iya auren juna, kuma muna aurar da su. Agola namiji da 'yan matan da maigida ya haifa da wata matar ba muharraman juna ba ne, haka ɗan riƙo da 'yar riƙo idan babu nasaba ko shayarwa da ta haramta, haka 'yar aiki da samarin gida.

Kunyar suruki ado ce, ba mu ce a yar da ita ba, kuma bai dace a tilasta wa mace kwana ɗaki ɗaya da surukinta don kawai ya halatta ba. Abin lura shi ne wanda muka saba sakin jiki da shi, sau da yawa shi ne wanda shari'a ta fi gargaɗi a kansa. Idan aka ce "ai duk 'yan gida ne" a bakin ƙofar otal, yawanci a kan waɗannan ake faɗa.

Misalin rabon ɗakuna

Mu ɗauki iyali mai mutum 10: maigida da matarsa, mahaifiyarsa, ƙaninsa saurayi, ƙanwar matarsa budurwa, da yara biyar, wato namiji mai shekara 13, mace mai 11, namiji mai 8, mace mai 5, da jariri. Idan an sami ɗaki uku, ma'aurata su riƙe jariri. Kaka ta ɗauki budurwar da 'yan matan biyu. Saurayin ya kwana da yaran maza, kowa da shimfiɗarsa da mayafinsa.

Idan kuɗi bai kai ba sai na ɗaki biyu, a koma tsarin zaure da cikin gida: maza ɗaki ɗaya, mata ɗaki ɗaya. Haƙurin kwana biyu ko uku tsakanin miji da mata ya fi sauƙi a kan su riƙe ɗaki su kaɗai, a tara saurayi da budurwa da tsohuwa mai nauyin barci a ɗayan. Idan larura ta kai ga ɗaki ɗaya, a rataya labule ko zane, kowa ya kwana da cikakkiyar sutura, a sauya kaya a banɗaki, namijin da ba muharrami ba kuma a nema masa wani wuri. Larura tana da hukuncinta, amma gwargwadonta ake ɗauka. Yawon buɗe ido kuwa ba larura ba ne. Wanda kuɗinsa zai kama ɗaki biyu na kwana huɗu, zai kama ɗaki huɗu na kwana biyu. Kwanaki ya kamata a rage, a bar ɗakuna yadda suke.

Mai mata fiye da ɗaya yana da ƙarin lissafi. Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta ba da labarin cewa Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallam, yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya. Idan an tafi da su duka, kowace tana da haƙƙin wurinta, ba a haɗa su ɗaki sai da yardarsu, kuma a faɗi tsarin kwana tun a gida kowa ta ji.

Haƙƙin tsofaffi da tsaron ƙanana

Sau da yawa muna ɗaukar tsohuwa a tafiya, ashe rainon jikoki muka tanadar mata. A tambaye ta tukuna: "Hajiya, wa kike so ya kwana wurinki?" A nema mata ɗakin ƙasa, kusa da na ɗanta, a duba ko banɗakin zai yi mata sauƙin tsarki da alwala, a ajiye mata buta, a nuna mata alƙibla. Mai tashi sallar dare ko yawan fita fitsari, kada a haɗa ta da jariri mai kuka, kada kuma a bar ta ita kaɗai babu mai jin motsinta.

Yara ƙanana kuwa raba shimfiɗa ba ya nufin a rufe su su kaɗai a ɗakin da ke ƙarshen baranda. Kowane ɗakin yara ya kasance da babba amintacce na jinsinsu, a koya musu kada su buɗe wa kowa ƙofa ko da ya ce ma'aikaci ne, a kuma duba tashoshin talabijin ɗin ɗakin kafin a bar musu. Umarnin da ya zo a hadisin Jabir na rufe ƙofofi da kashe wuta lokacin barci ya shafi maganin sauro na kunnawa da abin dafa ruwa na lantarki.

Duk wannan aiki ne na dare ɗaya kafin tafiya. Maigida da uwargida su zauna da takarda, su rubuta sunayen matafiya da shekarunsu, su ware wanda yake muharramin wani da wanda ba shi ba, sannan a kira otal a tambayi yawan gadaje, da ƙarin katifa, da ko akwai ɗakuna masu maƙwabtaka da juna. Wannan lissafi zai amfani mai zuwa Umara da iyalinsa, inda ake sayar da ɗakuna na mutum biyu, uku ko huɗu, kamar yadda zai amfani mai jinya da ya kama masauki kusa da asibiti. Inda aka sami shubuha a kan nasaba ko shayarwa, a tambayi malamin unguwa tun ana gida.

Yaron da ya ga mahaifinsa yana ƙwanƙwasa ƙofar kakarsa a otal, ya ga an shimfiɗa masa tabarmarsa daban da ta ƙanwarsa a garin da babu wanda ya san su, ya koyi cewa kunya da sutura ba don idon maƙwabta ake yin su ba. Allah Ya tsare mana iyalanmu a gida da kan hanya, Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya dawo da su lafiya.