Bazara a Berlin: neman lokacin Isha'i a garin da dare ba ya gama duhu

Daga watan Yuni zuwa Agusta, lokacin da damina ta kankama a Kano da Maraɗi, jami'o'in Jamus kan buɗe gajerun kwasa-kwasai ga ɗaliban ƙasashen waje. Wasu na koyon Jamusanci ne zalla, wasu kuma na tarihi, tattalin arziki ko injiniyanci, kuma galibinsu makonni uku ne zuwa shida. A Berlin, jami'ar Humboldt da jami'ar Freie duk suna da irin wannan shiri, hukumar musayar ɗalibai ta Jamus, wato DAAD, kuma tana ba da tallafin halartar kwasa-kwasan harshe. Ɗalibin da ya dace da gurbi yakan shafe makonni yana fama da biza, inshorar lafiya da kuɗin jirgi. Tambayar da ba kasafai ake yi ba kafin tashi ita ce: ƙarfe nawa zai sallaci Isha'i da Asuba idan ya sauka?

A wajen 21 ga Yuni, rana tana fitowa a Berlin da misalin ƙarfe 4:43 na safe, ba ta faɗuwa sai wajen 9:33 na dare. Wuni ya kusa awa 17 ke nan, dare kuwa awa bakwai da 'yan mintuna. Wanda ya saba da kiran Magariba kafin ƙarfe bakwai zai ga ƙarfe tara ta yi, yara suna ta wasa a fili, rana tana nan. Tsawon wunin ma da sauƙi. Babbar matsalar ita ce alamomin da shari'a ta rataya lokutan sallah a kansu.

A mazhabar Malikiyya, lokacin Isha'i yana shiga ne da ɓacewar jan shafaƙi, na Asuba kuma da ɓullowar alfijir na gaskiya. Masu lissafin jadawali sun mayar da waɗannan alamomi zuwa ma'auni: yawanci sukan ɗauki Isha'i idan rana ta nitse digiri 17 ko 18 ƙarƙashin sararin da ido ke gani, Asuba kuma idan ta dawo digiri 18. Berlin tana kan digiri 52.5 arewa da tsakiyar duniya, Kano kuwa tana kan 12. A tsakiyar bazara rana ba ta nitsewa a Berlin fiye da kimanin digiri 14. Saboda haka daga tsakiyar Mayu har kusan ƙarshen Yuli, hasken yamma ba ya gama gushewa sai ya haɗu da na asuba. Mutum zai leƙa taga da ƙarfe ɗaya na dare ya hangi wani haske-haske a arewa, ya rasa ko ragowar jiya ne ko farkon yau.

Mas'alar ta daɗe a littattafan fiƙihu. Ibn Fadlan, wanda ya je ƙasar Bulgar a bakin kogin Volga cikin tawagar halifan Bagadaza a shekarar 922, ya ba da labarin gajartar daren can. Malaman Hanafiyya sun yi ƙarnoni suna muhawara ko Isha'i tana kan mutanen da lokacinta bai bayyana musu ba, kuma a ƙarni na 19 malamin Kazan, Shihabuddin Marjani, ya rubuta littafi sukutum yana tabbatar da cewa tana kansu. Hujjar da aka fi dogara da ita ita ce hadisin Dujal da ke cikin Sahihu Muslim, inda Sahabbai suka tambayi Annabi (SAW) yadda za su yi sallah a ranar da tsawonta ya kai shekara, ya umarce su da su ƙiyasta lokutan. Wajabcin sallah biyar yana nan. Abin da ya rage wa malamai shi ne hanyar ƙiyasin.

A nan ne aka rabu. Wasu sun ce a yi ƙiyasi da wuri mafi kusa da alamomin ke bayyana, kuma majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta zaɓi a auna da digiri 45 ga garuruwan da ke tsakanin digiri 48 da 66. Wasu sun ce a riƙe lokacin rana ta ƙarshe da aka ga alamar sarai. Wasu sun raba dare gida bakwai, suka ba Isha'i ƙarshen kashi na farko, Asuba farkon kashi na ƙarshe, wanda a Berlin zai kawo Isha'i wajen 10:35, Asuba wajen 3:40. Wasu kuma sun raba shi biyu, sai Asuba ta faɗo jim kaɗan bayan ƙarfe ɗaya. Majalisar fatawa ta Turai ta halatta haɗa Magariba da Isha'i a irin waɗannan watanni ga wanda jira zai ƙuntata masa, tana dogaro da hadisin Ibn Abbas cewa Annabi (SAW) ya haɗa salloli a Madina ba don tsoro ko ruwan sama ba, domin kada ya ƙuntata wa al'ummarsa.

Sakamakon wannan saɓani shi ne ɗalibi zai iya riƙe jadawali biyu daga masallatai biyu na unguwa ɗaya, ya tarar da tazarar fiye da awa biyu a lokacin Asuba. Manhajar sallah ta waya ma tana bin hanyar da aka saita mata ne, kuma da yawa ba su taɓa buɗe wannan saiti ba. A ganina, mafi aminci ga baƙon wata guda shi ne ya zaɓi masallaci ɗaya da ya amince da malamansa, ya bi jadawalinsa daga ranar sauka har ranar tashi. Wanda yake tsince daga kowane jadawali abin da ya fi masa daɗi, Isha'i daga nan, Asuba daga can, son barci yake bi. Haɗa salloli kuwa rangwame ne na mai buƙata, kamar wanda zai zauna jarrabawa da sassafe. Mai raba dare yana hira a bakin kogin Spree ba shi da wannan uzuri.

Ramadan ya bar bazara a yanzu. Waɗanda suka yi karatu a can tsakanin 2015 da 2017 ne suka sha azumi mai tsawon gaske. Sai dai Tasu'a da Ashura na 'yan shekarun nan suna faɗowa tsakanin ƙarshen Yuni da tsakiyar Yuli, kuma mai son azumtar su zai koma ga tambayar nan ta alfijir, domin a kanta lokacin sahur ya rataya.

Wani kuskure da ya yawaita shi ne ɗaukar kai matafiyi. A Malikiyya, niyyar zama kwana huɗu cikakku tana yanke hukuncin tafiya. A Hanafiyya kwana 15 ne. Kwas ɗin makonni huɗu ya wuce duka biyun. Ɗalibi zai yi ƙasaru a hanya, amma da ya shiga garin da ya yi niyyar zama, sai ya cika sallarsa, kuma Juma'a ta hau kansa idan namiji ne. Juma'a ranar aiki ce a Jamus, ana kuma lissafa halartar aji. Rana tana karkata ne wajen ƙarfe ɗaya da 'yan mintuna, darussan harshe kuwa galibi da safe ake yi, don haka sau da yawa abin da ake buƙata bai wuce a sanar da malami tun ranar farko ba. Wanda ya ji kunyar yin wannan magana zai iya rasa Juma'a huɗu a jere, alhali gargaɗin da ya zo a hadisi kan guda uku ne.

Masallatai a Berlin suna da yawa, amma mafi yawansu a bayan gine-gine suke ko a saman shaguna, ba hasumiya, ba kiran sallah da ke fitowa titi. Wanda ya fi fice shi ne masallacin Şehitlik da ke kusa da tsohon filin jirgin Tempelhof, mai ƙubba da hasumiya biyu irin ginin Daular Usmaniyya, a kan filin maƙabartar Turkawa da aka bayar tun 1866. Turkawa Hanafawa ne, kuma baƙo zai ga 'yan bambance-bambance a nafilfili da tsarin huɗuba, waɗanda ba sa hana bin limami. Wanda ke bin taswirar waya kawai ya kamata ya san inda take kai shi. Masallaci mafi tsufa da ke tsaye a birnin, na unguwar Wilmersdorf da aka gina a shekarun 1920, na Ahmadiyya ne reshen Lahore. A 2017 kuma an buɗe wani mai suna Ibn Rushd-Goethe inda maza da mata ke sahu ɗaya, abin da hukumar fatawa ta Masar ta yi tir da shi. A cikin jami'a kada a sa rai da ɗakin sallah: jami'ar fasaha ta Berlin ta rufe nata a 2016. Ƙaramar darduma a jaka da sanin hukuncin shafa a kan huffi suna rage wahala ƙwarai.

Abinci ya fi sauƙi fiye da yadda iyaye ke tsoro. Dokar Jamus ta wajabta sumar da dabba kafin yanka, ko da yake kotun tsarin mulki ta amince a 2002 cewa mahauci Musulmi zai iya samun izini na musamman. Don haka tambarin halal a ƙofar shago ba ya nuna hanyar yanka ɗaya, mai son tantancewa sai ya tambaya. Kalmar da za a fara haddacewa ita ce Schwein, wato alade, sai Gelatine da ke ɓuya cikin alewa da kayan zaƙi. Tun 2021 ɗakunan cin abincin ɗalibai na Berlin suka mayar da mafi yawan girkinsu marar nama, wanda ya zame wa Musulmi sauƙi ba tare da an nufe su ba. A titin Sonnenallee da ke Neukölln akwai mahauta da gidajen abincin Larabawa a jere, kasuwar Turkawa ta Maybachufer kuma tana ci Talata da Juma'a. Ranar Lahadi shaguna a rufe suke.

Masauki ne ya fi cancantar a zauna a kansa a gida kafin a biya kuɗi. Ɗaliban Jamus sun saba da gidan haɗaka, kowa da ɗakinsa amma kicin da banɗaki ɗaya, maza da mata a haɗe, giya da naman alade a firji guda. Ana iya neman ɓangaren mata zalla ko ɗaki mai zaman kansa, amma sai an rubuta tun lokacin cike takarda, domin gidaje suna wuya a birnin. Ga 'ya mace akwai kuma batun muharrami a tafiya, wanda ya kamata iyaye su kai wa malaminsu kafin a nemi gurbin.

Wanda ya daidaita waɗannan al'amura zai tarar da birnin da tarihinsa ya taɓa namu. A titin Wilhelmstraße aka yi taron 1884 zuwa 1885 da ya shimfiɗa wa Turawa ƙa'idojin rabon Afirka. A Berlin Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851 da sunan Abdulkarim, ya mutu a 1865, kabarinsa yana unguwar Kreuzberg. Babban ɗakin karatu na birnin yana ajiye da dubban rubuce-rubucen Larabci na hannu, jami'ar Humboldt kuma ta fara koyar da ilimin addinin Musulunci a cibiya ta musamman tun 2019. Gidan tarihin fasahar Musulunci da ke ginin Pergamon, mai ɗauke da sanannen ɗakin nan na Halab, an rufe shi a 2023 domin gyara, saboda haka mai niyyar ziyara ya bincika halin da ake ciki kafin ya sa shi a jadawalinsa.