Ƙarar "tak-tak" cikin injin moto: ina risor ke magani?

Masu moto da yawa suna kuka da wata ƴar ƙara, tak-tak, da ke fitowa daga kan inji idan ya yi zafi.

A ƙasar Amurka, masu manyan motocin Harley-Davidson na injin Twin Cam, wanda ya fito a 1999, sun daɗe da wata dabara. A wannan inji, mai ne ke cika ƴan sandunan da ke tura supap, har su cike giɓin da ke tsakani. In ƙarfin mai ya ragu, giɓin ya buɗe, sai ƙarfe ya dinga bugun ƙarfe. Kusa da famfon mai akwai wata ƴar ƙofa wadda risor ke dannewa. Ita ke sakin mai in ƙarfinsa ya wuce kima. Sai makanikai su sa risor mai tauri, ƙofar ta jinkirta buɗewa, mai ya hau da ƙarfi.

Amma fa dabarar tana da iyaka. In inji na juyawa a hankali, man ya tsinke don zafi, ƙofar a rufe take tun farko, sabon risor ba ya ƙara kome. Ba ya kuma gyara famfon da ya cinye.

Ƙananan motocin kabu-kabu na Maradi da Damagaram kuwa, galibinsu da hannu ake daidaita giɓin supap ɗinsu, inji yana sanyi. Mai irin wannan moto da ya sayi risor ya yi asarar kuɗinsa. Abin da yake bukata shi ne makanike ya auna giɓin, a kuma sake mai kan lokaci.