Rubutu Don 'Yan Kasuwa: Darasin Da Na Ɗauko A Kasuwar Wunti

Daga Wakilinmu na Bauchi

A makon ƙarshe na watan Janairun 1923 da ɗari, watau shekarar 2023, lokacin da maganar canjin kuɗi ta hana kowa barci, na rubuta wani dogon sharhi wanda na ɗauka babu kamarsa. Na faro shi da tarihin Babban Bankin Nijeriya, na bi ta kan manufofin tattalin arziki, na kawo hauhawar farashi da dalilanta, har na cika shafi guda. Da jarida ta fito sai na ɗauki kofe ɗaya na nufi Kasuwar Wunti, wurin wani dattijo mai sayar da atamfa da shadda wanda muka saba gaisawa, don ya gani ya yaba.

Dattijon nan ya karɓa ya sa tabarau, ya karanta layi huɗu ko biyar, sa'an nan ya naɗe jaridar ya ajiye a kan bandir. Ya kira ni ɗana kamar yadda ya saba, ya ce abu uku kaɗai yake son sani: waɗanne takardun kuɗi ne za a daina karɓa, wace rana ce ta ƙarshe, kuma nawa ne mutum zai iya cira daga banki a mako. Na ce ai duk suna ciki, Baba. Ya ce in nuna masa. Da na duba sai na tarad da su can a sakin layi na tara da na goma sha ɗaya, bayan an wuce talla. Kafin in gama nema har mai saye ya shigo, hira ta ƙare.

Amsoshin kuwa ba su fi layi uku ba. Takardun naira 200 da 500 da 1,000 ne abin ya shafa. Ranar 31 ga Janairu ce aka sa a lokacin. Mutum ɗaya kuma yana iya cirar naira 500,000 a mako, kamfani naira miliyan 5, bisa ga ƙa'idar da ta fara aiki ran 9 ga watan. Da na sa waɗannan a kan gaba, da dattijon ya karanta, da kuma ya karanta wa maƙwabtansa na rumfa. Tun daga ran nan na gane cewa abin da aka koya mana a aji, na sa muhimmin abu a farkon labari, na haddace shi ne kawai don cin jarrabawa.

Wane ne mai karatun?

Wanda zai yi wa ɗan kasuwa rubutu, wajibi ne ya fara sanin halin da yake karatu a ciki. Malamin makaranta ko ma'aikacin ofis yana iya zama bayan la'asar ya bi jarida daga farko har ƙarshe. Mai rumfa a Wunti, ko mai sarin tumatir da albasa a Kasuwar Muda Lawal, ko mai kanti a Babbar Kasuwa, yana karatu ne tsakanin ciniki da ciniki, ido ɗaya a kan takarda ko waya, ɗaya a kan kaya. Ba jahilci ke sa shi ajiye rubutu ba. Mutumin da zai lissafta kuɗin buhu 300 da ladan dako da la'adar dillali a ka, kafin yaronsa ya gama danna kalkuleta, ba a kiransa jahili. Lokacinsa ne ke da tsada, kuma duk abin da ya karanta auna shi yake da ma'auni ɗaya: wannan zai ƙara mini, ko zai rage mini, ko kuwa bai shafe ni ba?

Ba kuma yau aka fara sanin haka ba. A 1850 wani Bajamushe, Paul Julius Reuter, ya riƙa aika farashin hannun jari tsakanin Aachen da Brussels ta hanyar tattabaru, saboda wayar tangaraho ba ta haɗa garuruwan biyu ba tukuna. A 1851 ya buɗe ofis a Landan, kuma daga nan ne kamfanin dillancin labarai na Reuters ya samo asali. Takardar da tattabara za ta ɗauka ba ta da wurin dogon bayani. Sunan kaya da farashi da rana, shi ke nan, kuma attajirai suka biya kuɗi don su samu.

A ƙasar Hausa ma fatake da attajirai sun daɗe suna rubuta wasiƙu da lissafin bashi da ajami. Saboda sanin wannan ne da aka kawo naira ran 1 ga Janairun 1973 aka rubuta darajar kowace takarda da ajami, don wanda bai yi boko ba ya san abin da ke hannunsa. An cire rubutun daga ƙananan takardu a 2007, aka kuma cire shi daga naira 100 a 2014, amma yana nan a kan manyan ukun. Kalma biyu ko uku ce kawai a kan takarda, amma da wuya a sami rubutun da 'yan kasuwa suka karanta kamarta.

Haka nan da aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya cikin Janairun 1939, Abubakar Imam na editanta, sunan kansa ciniki ne aka ƙulla da mai saye: kawo kwabonka, ka karɓi abin da ya fi shi daraja. Imam kuwa tun kafin nan ya sa wa littafinsa suna Magana Jari Ce, ya ari kalmar kasuwa ya auna magana da ita. A zamanin Yaƙi da Jahilci cikin shekarun 1950, da aka yi wa larduna ƙananan jaridu, Bauchi ta sami tata mai suna Zumunta, kamar yadda Kano ta sami Sodangi, Katsina kuma Himma. Mutanen wancan zamani sun san cewa wanda ya koyi karatu da girma ba zai ci gaba da yi ba sai ya ga amfaninsa a gonarsa ko a rumfarsa.

Mai da lissafi zuwa buhu da tiya

Babban abin da ke kashe rubutunmu na kasuwanci shi ne barin lissafi a inda hukuma ta ajiye shi. Ga misali. Ran 1 ga Fabrairun 2020 aka ƙara harajin kayan saye, wanda ake kira VAT, daga kashi 5 cikin ɗari zuwa kashi 7 da rabi. Yawancinmu haka muka rubuta muka wuce. Amma in aka ce wa mai kanti, kayan da ka saro na naira 200,000, da harajinsu naira 10,000 ne, yanzu ya koma naira 15,000, nan take zai ajiye abin da yake yi ya saurara. In kuma aka ƙara masa da cewa hatsi da sauran kayan abinci na yau da kullum ba sa cikin wannan haraji, an raba shi da wanda zai zo ya cuce shi da sunan doka.

Haka kuma da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayun 2023, jaridu sun cika da maganar biliyoyi da tiriliyoyi. Mai sarin masara ba ya ciniki da tiriliyan. Abin da yake so shi ne a ce masa: a ƙaddara kuɗin mota daga Bauchi zuwa Kano ya ƙaru da naira 60,000, motar kuma tana ɗaukar buhu 300, to kowane buhu ya hau da naira 200. In buhun yana cin tiya 40, naira 5 ke nan a kan kowace tiya. Ko da alƙaluman nasa sun bambanta da waɗannan, an riga an ba shi hanyar da zai bi ya fitar da nasa. Sai dai marubuci ya kula da ma'auni, domin mudun wani gari ba tiyar wani gari ba ce, buhu ma akwai babba akwai ƙarami. Farashin da aka rubuta ba tare da faɗin ma'auni da kasuwa da rana ba, jita-jita ce aka sa wa tawada.

Kalmomi ma suna da nasu tarko. Wanda ya fassara takardar banki bai yi hankali ba sai ya rubuta riba a inda ake nufin kuɗin ruwa, alhali kuwa a wurin ɗan kasuwar Bauchi na farko halali ne da yake fita nema kullum, na biyu kuwa da yawa suna gudunsa saboda addini, abin da ya sa bankin Jaiz ya sami karɓuwa tun da ya fara aiki a 2012. Har wa yau, in mai ba da rance ya ce kashi 3 cikin ɗari, aikin marubuci ne ya tambaya, a wata ko a shekara? Kashi 3 a wata ya kai kashi 36 a shekara, tun ma ba a haɗa da ruwan da ke hawa kan ruwa ba. Kasuwa tana da kalmominta, sari da kiri, uwar kuɗi, la'ada, dako, kwantai, faɗuwa. Wanda ya yi amfani da su daidai za a san ya taɓa zama a rumfa. Wanda ya kauce musu ya ƙirƙiro nasa, za a yi masa shiru irin na ladabi, a kuma daina karanta shi.

Amana ita ce jarin

Sauran abu guda, kuma shi ne mafi nauyi. Rubutun da ya jawo hankalin ɗan kasuwa yana sa shi ya motsa dukiyarsa, don haka kuskure a cikinsa asara ce a aljihun wani. Mu koma kan canjin kuɗin nan. Ran 26 ga Oktoban 2022 gwamnan Babban Banki na lokacin, Godwin Emefiele, ya ba da sanarwa. Sababbin takardu suka fito ran 15 ga Disamba. Wa'adin 31 ga Janairu aka ɗaga shi zuwa 10 ga Fabrairu. Ran 16 ga Fabrairu Shugaba Muhammadu Buhari ya ce tsohuwar naira 200 kaɗai za a ci gaba da karɓa har 10 ga Afrilu. Ran 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce dukan ukun suna nan har ƙarshen Disamba, sa'an nan cikin Nuwamba aka janye wa'adin baki ɗaya. Cikin wata biyu magana ta juya sau huɗu. Wanda ya karanta labarin jiya yana zaton na yau ne, ko dai ya ƙi karɓar kuɗin da ke da kyau ya kori mai saye, ko ya karyar da kayansa don tsoro. Mai atamfa yana iya rufe rumfa ya jira, amma mai tumatir a Muda Lawal ba shi da wannan dama, domin kayan gwari ba sa jiran hukuncin kotu.

Saboda haka duk rubutun da aka yi don 'yan kasuwa ya kamata ya faɗi ranar da aka yi shi, da bakin da maganar ta fito, ya kuma rarrabe abin da aka zartar da abin da ake shawara. In an yi kuskure a gyara shi a wuri mai bayyana kamar inda aka yi shi. Kuma kada a saka wa talla rigar labari. Kamfani yana da ikon sayen fili ya yabi hajarsa, amma a rubuta a sama cewa talla ce. Ɗan kasuwa ya fi kowa gane dillalin da ke cin la'ada a ɓangare biyu, kuma in ya gane shi sau ɗaya ba ya sake ba shi kaya.

Bauchi ta ga zamanai iri-iri na ciniki, tun daga ayarin fatake masu shiga ta Ƙofar Wunti da Ƙofar Ran, zuwa isowar jirgin ƙasa a farkon shekarun 1960, zuwa zamanta babban birnin jiha a 1976, har zuwa yau da yaro ke zaune a bakin kasuwa da na'urar POS yana aikin da reshen banki ke yi a da. Hanyar isar da saƙo ma ta sauya, daga wasiƙar ajami zuwa jarida da rediyo, zuwa saƙon murya a WhatsApp. Tambayoyin mai rumfa dai suna nan yadda suke: mene ne, yaushe, nawa.

Ni kam yanzu duk lokacin da na gama rubutu kan haraji ko banki ko farashi, kafin in miƙa wa edita sai in karanta layi biyar na farko, in tambayi kaina ko dattijon nan na Wunti zai sami abin da yake nema kafin mai saye ya shigo. In bai samu ba, sai in sake. Allah ya sa albarka a kasuwanninmu, ya kuma ba mu ikon rubuta abin da zai amfani masu su.