Bindigar Farko a Amurka: Ruger 10/22 ko AR-15?

A Amurka, mai neman doguwar bindiga ta farko yakan rasa wadda zai ɗauka cikin biyun nan. Ruger 10/22, wadda ta fito a 1964, tana cin ƙaramin harsashi .22 LR mai araha, kuma ba ta dukan kafaɗa, shi ya sa masu koyo ke farawa da ita a filin harbi. AR-15 mai harsashi 5.56 ta fi ta ƙarfi wajen tsaron gida, sai dai harsashin na iya huda bango ya sami ɗan gida.

Dillali mai lasisi ba ya sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, kuma sai an binciki tarihin mai saye ta tsarin NICS na FBI. Gidan da ke da yara kuwa, akwatin ƙarfe mai buɗewa da zanen yatsa ya kamata ya riga bindigar shigowa.