Baturen da Ya Karanta Daji

'Yan'uwa, wanda ya tashi daga Tambuwal ya nufi Kebbe zai ga kuka da tsamiya da aduwa da kanya, amma ba kowa ke tambaya ba, don me waɗannan ne suka yi yawa a ƙasarmu? Wani Bature, Mista Keay, shi ya tsaya ya bincika.

Ya zo Nijeriya aikin gandun daji a 1942. Cikin 1949 ya buga littafi inda ya kasa dajin Arewa kashi-kashi bisa ga yawan ruwan sama da irin itatuwa, watau Sahel, da Sudan, da Gini ta arewa da ta kudu. Ƙasarmu ta faɗa cikin Sudan. Sa'an nan ya gyara babban littafin tsire-tsiren Afirka ta Yamma, wanda Hutchinson ya rubuta tare da Likita Dalziel, shi wanda ya tara sunayen itatuwa da Hausa tun 1916. Keay ya rasu a 1998, amma har yanzu da rabonsa ake koya wa yara labarin ƙasa.

Abin lura a nan, itatuwan wuri shaidunsa ne. Inda aka sare manya, aka yi ta noma ba hutu, sai sabara da kalgo su gaje wurin. Saboda haka mu da za mu zama malamai, wajibi ne mu fita da yara bayan gari su san kowane itace da sunansa, gama abin da mutum bai sani ba, ba ya jin ƙansa. Allah ya sa mu gane.